Kaset ɗin Abu Samah

…to in ya ɗaga yatsa a waƙa ta huɗu, shi ke nan, ba za ta kira kowa ba. Haka Kabira ta yanke wa kanta. In ya ɗaga, zazzaɓi ne, zafin gari ne, zai wuce kamar na watan jiya. In kuwa bai ɗaga ba…

Tana zaune a ƙasa, bayanta jingine da ƙafar gado, rikoda a gabanta, ba ta son ta waiwaya. Tun hantsi mijinta Talal, da take kira Abu Samah, ke kwance haka, ido rufe, kunun da ta dama masa har ya sandare a kofi. Shekara uku ke nan da jininsa ya hau, ya faɗi a ƙofar shagonsa na gyaran rediyo a unguwar Misfala, nan Makka, ya farfaɗo ba hannun dama, ba magana, ba sunan kowa a kansa. Har nata. Amma wannan kaset… a sa masa shi, sai yatsan hagu ya motsa, sai leɓɓa su bi waƙar. Turanci fa. Mutumin da neman ruwa da Hausa ya gagara.

Waƙa ta farko. Jita ita kaɗai, sannan muryar nan mai kaushi, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana da kowa ba. Shekara arba'in da ɗaya wannan Baturen yana rera abu guda a ɗakinta, ba ta san sunansa ba. Kwalin ya koɗe, saura inuwar mutum da hula, tsaye a bakin wata ƙofar katako. A cikin rikodar mota aka kawo kaset ɗin, gyara, mai ita bai dawo ba har yau. Watan bikinsu ne… Talal ya rufe taga, ya cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa don kada mahaifinta ya ji. Kiɗan Turawa a garin Harami? Ya rage murya can ƙasa. "Zo ki ji." Ta ce me yake faɗa. "Ban sani ba. Amma ba ƙarya yake yi ba."

Ta tsani kaset ɗin a lokacin. Wallahi ta tsane shi. Yaushe ta daina?

Wayar na karkarwa a cinyarta. Samah ce kuma, 'yarsu, daga Jidda. Karo na biyar. Ba sai ta ɗauka ba, ta haddace: "Ummi, kira is'af. Yanzu, Ummi. Motar asibiti ba ta tambayar takarda kafin ta ɗauki mara lafiya." Kafin. To, bayan fa? Samah mijinta mai takarda ne, bakinta ya saba da faɗin irin wannan. Ita ma ɗin ai ga ta can, saura sati biyu Hajji, hanya duk shinge, ba ta isa ta shigo Makka ba sai da izini. Uba na kwance, tafiyar sa'a guda, ba ta isa ba.

Ta biyu. Wannan ce mai sauri, wadda yake tuƙa mutane zuwa Mina da ita a ransa, shekarun da yake haɗawa da aikin mausim, kakar Hajji. Yana dawowa a ƙone, ƙafa a fashe, ko wanka bai yi ba sai ya danna…

Mota ce a lungu? Injin na aiki, ba a kashe ba. Wa ke tsayawa da mota a wannan lungu da la'asar, inda ko Suzuki sai ta goge bango? Ranar Talata haka aka yi. Wafa maƙwabciyarta ta sauka sayen burodi da silifas ɗin banɗaki, masu kamen marasa takarda suka tafi da ita, har yau kwaɗon na ƙofarta, shanyarta na kan igiya ta bushe ta yi tauri, ba mai ƙarfin halin kwashewa.

A nan aka haifi Talal. A nan aka haifi Kabira, bayan titin Mansur, ɗaki uku daga wannan. Ba wanda ya rubuta. Iyaye sun zo Hajji sun zauna, sun ce baɗi za a gyara, baɗi, baɗi, har aka kai su maƙabarta. In aka tambaya ina ne garinku, me za ta ce? Kazaure? Sunan da take ji a bakin surukarta? Wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa a can, da mutum a keken guragu wanda bai san sunansa ba? In ma tare za a tura su. Maza ɓangarensu daban, haka ake cewa. Wa zai san sai an juya shi ta hagu? Wa zai san ba ya haɗiye ruwa sai an tallabe ƙeya?

Ta uku… ga wurin. Muryar ta lanƙwashe, ta nutse, ta taso. Nan ne rikoda ta taɓa cinye zaren, Samah na rarrafe, ya zauna da reza da jan farcenta ya liƙe shi, hannu ko rawa ba ya yi. Bara Samah ta nemo waƙoƙin duka a waya, tas da su, ba ƙara ba shashsheƙa. Wai har yanzu duniya na saurare, yara ƙanana waɗanda ba a haifi iyayensu ba lokacin da aka yi shi. Ta kanga masa a kunne. Ya kawar da kai. Nasa yake so, mai tabon. Samah ta ce bari ta fassara musu, wai duk waƙoƙin goma mutum ɗaya ne a gida ɗaya yana jiran… Kabira ta ce bar shi. Bar shi, ya binti, 'yata. Shekara arba'in ba su sani ba, bai hana su komai ba.

An kashe injin. Ƙofar mota. Ɗaya… biyu.

Ta huɗu.

Jita tukuna. Sannu a hankali. Sai ganga ta faɗo, nan ne, nan yake ɗagawa, ko barci yake yi. Ta juya wuya kaɗan, iya abin da gefen ido zai kama. Hannun na kan zanin rufa. Ya motsa? Wani abu ya motsa. Yatsan ne, ko iskar mukayyif ce, na'urar sanyaya ɗaki, ta kaɗa zanin? Ta gani. Ba ta gani ba. Abu Samah… Allah ya ba ka lafiya, ka ƙara sau ɗaya. Ganga na tafiya, ba ta jiran kowa.

To, ta biyar. A ba shi ta biyar. Ai ita ta kafa sharaɗin, ita ke iya ɗagawa. Lambar motar asibitin uku ce kawai, ta riga ta rubuta, suna haske a tafinta, saura ta danna koren. Tun azahar suke nan. Tun azahar… Shi ba ya tsoron kowa yanzu. Bai san shinge ba, bai san takarda ba, a kai shi Kazaure ko a bar shi a Mansur duk bango ɗaya ne a wurinsa. To wa take ɓoyewa a ɗakin nan? Wa?

Takun bene. Ya tsaya a hawa na farko. Ana magana ƙasa-ƙasa da Larabci, ba ta jin me ake cewa.

Ta biyar ba ganga, ba kowa, daga Baturen sai jitarsa, kusa ƙwarai, kamar yana zaune a bakin gadon. Ga numfashi. Alhamdu lillahi, ga numfashi, tana ji a bayanta, ja… saki. Ja… saki. A natse, ba gargada irin ta ɗazu. Ta lumshe ido tana binsa, kafaɗunta na sauka, ƙila ma barci ne kawai ya yi nauyi, ƙila in ta ɗumama kunun…

Ƙas. Zaren ya ƙare, maɓallin ya yi sama.

Numfashin ma ya tsaya.

Kabira na zaune, waya na haske a hannu ɗaya, ɗayan a kan rikoda. Na wa take saurare tun ɗazu? A juya kaset ɗin, akwai biyar a ɗaya gefen. Ko a juya wuya. Ba nisa, taƙi ɗaya ne tsakaninta da hannunsa.

Wuyan ya ƙi.