Alluran Altine

Altine ya dogara sandarsa jikin tebur, ya ce wa akawun asibitin ya sake karanto masa takardar kuɗin magani, a hankali.

Wata biyu ke nan da wata akori-kura ta banke shi a hanyar Shagari, shi da jakinsa da buhunan albasa. Jakin bai tashi ba, shi kuma ya karye a ƙafa. Aka yi sulhu gaban hakimi, mai motar ya biya naira ɗari huɗu, aka ce a cire kuɗin magani, saura ya sayi wani jakin. Tun yana kwance a wannan ƙaramin asibitin kuɗi na Bodinga ya riga ya zaɓi jakin a ransa. Yanzu ga takarda tana neman cinye jakin har wutsiya.

"Gado, hoton ƙafa, ɗori," in ji akawun. "Sai allura ashirin, naira ɗari da ashirin."

"Tsaya nan, malam. Wa anka yi wa?"

"Kai mana."

"Ni? Duk Danchadi an san tun haihuwata allura ba ta taɓa jikina ba."

Matarsa Dije, da ke tsugune bakin ƙofa, ta ce, "Wanga kam gaskiya ya faɗi. Ko masu lambar rigakafi sunka zo gari, cikin rumbu yake wuni."

Aka kira nas ɗin, wata mai suna Laraba. Tana ganinsa ta fara dariya. Ta ce ba ta taɓa ganin mai karaya da gudu irin nasa ba, da ta ɗauko tire sai ya shige bayan gida ya sa sakata.

Akawun bai ji kunya ba. Ya gyara zama ya ce, "To laifin wa? Da sunanka aka sayo su, a wannan zamani na tsuke bakin aljihu da magani ya fi zinari wuya. Ba ma cin haƙƙin kowa. In kana so, hau gado a fara yi maka yanzu."

Altine ya dubi gadon, ya dubi Laraba. Ya tuna jakin, ya tuna tsinin allura, ya ga dai tafiya a ƙasa ba ta taɓa kashe kowa ba. Ya sa hannu a aljihu.

"Dakata, Malam," in ji Dije. Ta miƙe ta kwance bakin zanenta. "Tunda namu ne, a zuba muna su nan. Mai kemis na Shagari neman su yake ido rufe."

Laraba ta juya tana kallon bango. Akawun ya buɗe durowa, ya rufe, ya tambayi inda makullin sito yake, alhali yana rataye a wuyansa. Can ya ɗauki biro ya ja layi a kan alluran.

"Don dai kai dattijo ne," ya ce.

Altine ya yi masa godiya sosai, har da addu'a.