Hannun Kawu Illo

Duk wanda ya san Mallawa a shekarun nan ya san Illo ba ya gaisuwar tafiya. In ya kama hannunka, to ka ajiye saurinka gefe guda. Zai haɗa shi tsakanin tafukansa biyu, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi awakinka, ya sake komawa kan gida kamar bai ji amsar farko ba. Sai ya ƙoshi sannan ya sake ka, kowa ya kai hannu ƙirji. Kuturta ta ci masa yatsu tun yana saurayi, ta bar masa babban yatsa da manuni a dama, hagu kuwa sai dungu. Amma ciwon ya daɗe da mutuwa, ƙwayoyin da ake rabawa a gidan likita sun kashe shi, mutanen gari kuma sun saba, ba mai janye hannu.

Abin da ciwon ya tafi da shi bai mayar ba shi ne ji. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, Illo bai san zafi ba bai san sanyi ba. Ƙaya ta shige shi ya wuni da ita, garwashi ya faɗa masa sai ƙauri ya gaya masa. Shi ya sa da ƙanwarsa ta rasu ta bar masa maraya, Muttaƙa, yaron ya tashi da wani aiki da babu yaron da ke da irinsa a garin.

"Taɓa mini," in ji Illo, in an kawo kunu.

Muttaƙa ya ɗora tafinsa a jikin ƙwarya. "Da zafi, Kawu, bari ya huce."

Haka ƙotar hauya in ta sha rana, haka tukunya, haka igiyar rijiya in ta yi kaushi. In an dawo daga gona kuma, kafin a kira magariba, Illo ya zauna bakin zaure ya miƙa hannuwansa, yaron ya bi su lungu-lungu yana neman ƙarangiya da tsaga. Matar Illo, Inna Hasiya, takan yi musu tsiya ta ce mutum biyu ne ke cin hannu ɗaya. Illo ya yi dariya ya ce ai gaskiya ne, nasa na aiki, na yaro na ji.

Daga baya lakwal, makarantar boko, ta ɗauke yaron. Magarya tukuna, sannan Damagaram, inda ya koyi aikin anfirme, wato malamin jinya. Dubawar yamma ta koma hannun Inna Hasiya. Shekarar da ta biyo bayan hawan soja kan mulki, ruwa ya ɗan dawo bayan fari, sai aka ji Muttaƙa yana cikin ma'aikatan da ke yawo ƙauye-ƙauye a Landiroba suna duba masu manyan cututtuka, kuma ranar kasuwa za su tsaya Mallawa.

Kai, ranar nan Muttaƙa ya ji kansa! Farar riga fes, agogo a hannu, yana zaune gaba kusa da shugabansu, Majo Mohamman, mutumin Yamai mai tabarau wanda ba ya son wasa a bakin aiki. Muttaƙa yana son Majo ya ga shi ba ɗan ƙauye ba ne, wannan ita ce gaskiyar magana. Motar ta tsaya gindin tsamiya, bai gama sauko da akwatin magani ba sai ga Illo yana ratso taro, rigarsa ta Juma'a a jikinsa, bakin nan har kunne.

"Muttaƙa! Ɗana! Kai ne haka?"

Ya kama hannun Muttaƙa ya haɗa tsakanin dungayensa kamar yadda ya saba, ya fara jero tambayoyi. Ina gajiya, ina hanya, ina mutanen Damagaram. Muttaƙa yana amsawa, idonsa na kan Majo, Majo kuma yana kallon hannuwan nan ta saman tabarau. Ba a kai ga tambayar zafin rana ba Muttaƙa ya zare hannunsa, ya ce aiki na jira. Illo ya ce madalla, ai aiki shi ne gaba, ya juya da sauri ya nufi gida.

"Wane ne wannan?" in ji Majo da Faransanci.

"Wani tsoho ne na garinmu."

Haka Muttaƙa ya faɗa, wallahi, bakinsa bai ko yi nauyi ba. Sannan ya ɗauki kwalbar alkol, ruwan kashe ƙwayar cuta, da auduga ya zagaya bayan mota inda ba kowa. Ya jiƙa audugar ya shiga goge hannunsa, tafi da baya, yatsa bayan yatsa, har ƙarƙashin farce. Kuma fa ya sani sarai ciwon kawunsa ba ya kama kowa, shi da aka koya wa wannan a aji, shi da ya girma yana cin tuwo akushi ɗaya da mutumin. Yana cikin goge tsakanin yatsu ya ji inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai.

Illo ne tsaye, ya rungumo ƙwaryar fura da tsintsiyar hannuwansa, faifai a rufe. Ya dubi audugar, ya dubi kwalbar. Bai dubi fuskar Muttaƙa ba.

"Ga fura, Hasiya ta dama maka," in ji shi.

Ya sunkuya ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, nesa kaɗan da takalmin Muttaƙa, ya mayar da hannuwansa cikin riga, ya tafi. Muttaƙa ya tsaya nan da auduga a hannu, kunya ta rufe shi har yana jin kunnuwansa na zafi. Direba ne ya shanye furar a hanya, yana ta yabon mai damu.

Suka yi Yekuwa, suka yi Waca, suka kwana biyu a Dungas. Ko'ina suka sauka Muttaƙa na aikinsa daidai, Majo har yana yaba masa. Amma ya zama mutum mai kallon hannuwan mutane. Ya ga yadda tsofaffi biyu ke riƙe da juna a bakin masallaci har su gama labarin ruwan bana. Ya ga samari na tafiya kasuwa yatsa sarƙe da yatsa. Ya ga mai ta'aziyya ya dafa kafaɗar mai rashi. Abubuwan da ya tashi cikinsu bai taɓa lura ba, yanzu kowanne sai ya tsone masa ido. Warin alkol kuwa, da ya buɗe kwalba sai ya kawar da fuska.

Sai bayan girbin wake suka sake biyowa ta Mallawa, wannan karon don duba tsofaffin majinyata. Da la'asar Muttaƙa ya nufi gida. Ya tarar da Illo zaune bakin zaure, wurin da suke zama da. Ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu.

"Sannu da zuwa, anfirme," in ji Illo. "Ina gajiya? Ina mutanen Dungas?"

Fuskarsa a sake, muryarsa lafiya lau, tambayoyin duk ya yi su bai bar ko ɗaya ba. Hannuwan dai suna cikin riga, ba su motsa ba. Muttaƙa ya gaji da riƙe nasa a iska, ya sauke su kan gwiwa.

A cikin gida Inna Hasiya ba ta ko ba shi tabarma ba. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube shi.

"Kai, me ka yi wa kawunka?"

"Ni, Inna?"

"Kai fa! Kada ka yi mini ni Inna. Ranar da ya kai maka fura ya dawo ba ƙwarya ba magana. Tun ran nan mutumin nan bai ƙara ba kowa hannu ba. A masallaci sai ɗaga kai. Liman da kansa ya miƙo masa, ya bar shi tsaye. Tuwo sai ya juya wa mutane baya yake ci. Ni da nake duba masa su kowace yamma, in na ce kawo, sai ya ce in bari, ya duba da kansa. Da wane idon? Mutumin da ba ya ganin zare a allura!"

Muttaƙa ya sunkuyar da kai yana kallon tsakin da kaji ke tsattsaga. Ta yaya mutum zai faɗi abu irin wannan a tsakar gidan da aka yi masa wanka?

"To, yi shirunka," in ji ta, ta ɗauki rariyarta. "Ni dai na san hannun da ya share maka majina."

Washegari da hantsi aka kafa tebur a ƙarƙashin rumfar kasuwa. Gwajin ba shi da wuya. Majinyaci ya rufe ido, anfirme ya ɗauki ɗan zaren auduga ya taɓa shi nan da can, in ya ji ya ce ya ji. Da haka ake gane inda jiki ya mutu da inda yake da sauran rai. Majo na gefe yana ba da ƙwayoyi. Illo ya zo a cikin layi kamar kowa, ya zauna kan benci gaban Muttaƙa.

"Kawu, sai ka fito da hannu."

Illo ya zaro hagu ya ɗora kan tebur, ya rufe ido tun ba a ce masa ba.

Muttaƙa ya ɗauki audugar. Ya taɓa tafin. Shiru. Ya taɓa bayan hannun, ya taɓa tsintsiya. Shiru. Ya dubi tabon nan na gindin babban dungu, wanda shi da kansa ya cire wa ƙayar aduwa yana ɗan yaro. Sai ya yar da audugar. Ya kama hannun da nasa biyu, ba safar hannu ba komai, ya haɗa shi tsakanin tafukansa ya riƙe gam, a gaban Majo, a gaban layi, a gaban duk wanda ke rumfar. Ya riƙe ya daɗe, irin daɗewar da ya hana kawun nasa waccan ranar kasuwa. Hawaye na zubo masa bai samu hannun sharewa ba.

"Ka taɓa ne?" in ji Illo, idonsa a rufe. "Ban ji komai ba."

Ashsha. Wata tsohuwa a layi ta kawar da kai. Muttaƙa ya ce, "Kawo ɗayan, Kawu."

"Wannan ai ya isa. Duk ɗaya ne."

"Kawo dai."

Da ƙyar Illo ya zaro dama. An naɗe ta da tsumman rawani, tsumman ya manne. Tun kafin a kwance wari ya riga ya faɗi labari. Ƙuna ce a tafin, ta daɗe, ta ci ta shiga ciki, manunin ya kumbura ya yi baƙi har gindi. Wannan yatsa da shi Illo ke riƙe ludayi, da shi yake nuni a zaman tahiya. Majo ya taso ya duba, ya juya hannun a hankali, ya girgiza kai.

"Yau za mu tafi da shi Magarya," in ji shi. "Yatsan ba zai tsira ba, a dai ceci hannun. Wannan ai ya yi wata da watanni. Ba shi da kowa ne a gida da zai duba shi?"

Da Hausa ya yi tambayar, kowa ya ji.

"Yana da ni," in ji Muttaƙa. "Kawuna ne, Majo. Shi ya rene ni."

Majo ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa. Ya juya ya ƙwala wa direba kira.

Har yanzu Illo bai buɗe ido ba, don ba a ce masa an gama ba. Hannunsa na dama na kwance cikin tafin Muttaƙa, shi kuwa bai sani ba. Ya ɗan karkato kai wajen da yake jin numfashin yaronsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar nan ta bakin zaure.

"Muttaƙa, taɓa mini. Da zafi?"

"Da zafi, Kawu. Kamar tukunya."

Illo ya gyaɗa kai.

"Na yi zato," in ji shi. "Mai gaya mini ne ban samu ba."