Faratan Mai Batir

Mai batir bai yi niyyar shiga ɗakin awo ba. Matarsa ya rako, ya zauna a benci yana kallon hotunan da ke bango. Wata bakwai ke nan da ta yi ɓari, kuma suna son sake samun rabo, shi ne ta ce a fara zuwa a duba ta tukuna. Abin ya ɗaure masa kai: dama ana zuwa awo babu ciki?

Sai nas ta leƙo. "Maigida, shigo, da kai ake yi."

Ta riga ta auna jinin matar, ta ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi, ɗaya kullum tun kafin cikin ya shiga. Ya ɗauki kwalbar yana jujjuyawa. Nas kuwa hannunsa take kallo.

"Wace sana'a kake yi?"

"Gyaran batirin mota, malama. In narka dalma, in sake masa kai."

"Kayan da kake sawa wurin aikin fa, wa ke wankewa?"

Matar ta yi dariya. "Wa kuwa? Da su yake shigowa, ya baje a kan gado, wai minti biyu zai huta."

"Kin fara ke nan," in ji shi.

Nas ta ce ƙurar dalma tana bin riga da farce har gida, ta shiga jikin mace, ta isa ga abin da ke cikinta. Shi ma za a ɗibi jininsa yau.

Ya daɗe yana duban baƙin da ke ƙarƙashin faratansa. Shekara goma sha biyu yana tare da baƙin nan, bai taɓa tambayar kansa ina yake zuwa ba idan ya gama cin abinci.

"To, wancan da muka rasa fa?" ya tambayi nas.

"Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Na gaba muke yi wa shiri."

Washegari ya kafa ƙusa biyu a bayan ƙofar shago, ɗaya ta kayan aiki, ɗaya ta kayan gida. Da la'asar maƙwabcinsa mai faci ya same shi tsugune gaban bokiti, yana dirzar farce da tsohon burushi.

"Yallaɓai, ina za a je zance?"

"Gida," in ji mai batir, bai ɗago ba. Can ya ce, "Wai wannan gam da kake shaƙa kullum, ka taɓa tambaya me aka sa a ciki?"