Hawa Uku a Kan Gilashi

Wata bakwai na yi ina ɓare baƙin nan na cikin fensir da salatif. Shi wannan baƙi shafi ne a kan shafi, kamar littafi, kuma aikina in ciro guda ɗaya tak, siririn da ido ba ya gani sai da madubin gwaji. In na samu, in shimfiɗa shi a gilashi, in ɗora shafin wani ma'adani a kansa, in rufe da na uku. Ƙura ɗaya ta shiga tsakani, ko hannu ya ɗan karkace, aikin mako ya tashi a banza.

Yaya, ɗan baffana, shi ne shugaban ɗakin gwajin kimiyya da nake aiki a ciki, shi ya kawo ni. Ya yi min alkawari sunana zai fito a takardar binciken, don da ita zan nemi gurbin ƙaro karatu.

Ni na gano cewa in aka ɗan ɗumama gilashin kafin a sauke shafi na biyu, iskar da ke maƙalewa tsakani tana fita da kanta. Ranar da lantarki ya ratsa hawa ukun nan lafiya lau, Yaya har rawa ya taka.

Da aka aika takardar na duba. Sunansa, sunan Farfesan da ke samansa, sunan wani baƙo da bai taɓa sa safar hannu a ɗakinmu ba. Ni ina can ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa, tare da mai gyaran na'urar sanyi.

"Yaya, ina sunana?"

"Haba ƙanwata, ke hannu kika sa. Tunanin ai namu ne."

Kuka na yi a banɗaki, ba zan ɓoye ba. Gurbin karatun kuwa ya wuce ni.

Bayan wata biyu masu tantance takardar suka ce a maimaita gwajin. Yaya ya zauna da kansa, ya lalata gilashi goma sha ɗaya. Bai zo wurina ba, wurin Inna mahaifiyata ya je.

"Yayanki ne fa," in ji Inna. "Ki rufa masa asiri."

"Inna, shi ya rufa min?"

"Ni dai na roƙe ki."

Na koma na zauna, na haɗa masa, raina a ɓace. Na so hannuna ya yi rawa ko sau ɗaya, ya ƙi. Wannan haɗin na biyu ma ya fi wanda na yi da farko kyau.