Sunan Allurar Badamasi

"Sai mai katin ya zo da kansa, Inna," in ji Abdulgaffar, ma'aikacin ɗakin kati na asibitin, idonsa a kan kwamfuta. "Ko ya sa hannu a takarda. Haka dokar take."

Zuwairatu ta gyara mayafinta. Tun da hantsi ta taso daga Karare a bayan babur.

"Ɗan nan, mai katin yana daji. Yau kwana tara da ɓarayi suka ɗauke shi a gonar gyaɗa."

Sai a lokacin ya ɗago kai.

Ta yi masa bayani. Mijinta Badamasi ciwon suga gare shi, kullum sai ya yi wa kansa allura. Ranar da aka kama shi bai fita da ita ba, kwalbar kuma ta ƙone tare da katin lokacin da ɓarayin suka cinna wa ɗakinsa wuta. Jiya suka bugo waya, suka ce ya kasa tashi, in ana son shi a aiko da maganinsa. Mai kemis kuwa ya ce allurar iri-iri ce, ba zai bayar ba sai ya san sunanta.

"Ni ban yi boko ba. Launin marfin kawai na sani."

Abdulgaffar ya dubi ƙofa. Shugabansu ya tafi taro Katsina. Ya jawo kujera, ya tambaye ta sunan mahaifin mijin, ya danna. Fayil ya buɗe. Injin buga takarda ya kwana biyu ba tawada, don haka ya yagi takarda ya fara kwafe sunan allurar da biro. Can ya tsaya, ya ƙura wa gilashin kwamfutar ido.

"Me kuma aka rubuta?"

"Ba komai, Inna. Sunan maganin ne."

"Suna ba ya cika gilashi haka. Shekara talatin da ɗaya ina dafa masa abinci. Karanta min."

Ya karanta a hankali. Likita ya rubuta cewa ƙodarsa ta fara taɓuwa, kada a kuskura ya wuce kwana biyu ba allura.

A waje wata nas tana kiran sunayen masu awo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Zuwairatu ta faɗa ƙasa-ƙasa. Sannan ta tura masa takardar.

"Rubuta wa mai kemis, allurar wata guda zai ba ni."