Hannun Hagun Achiel

Shekara talatin da biyu na yi ina ɗaukar wa jaridar garinmu hoto, amma ɗaya tak aka san ni da shi. Na ɗauke shi ranar da leburorin tashar jiragen ruwa suka yi yajin aiki: wani ƙato mai suna Achiel, baki buɗe, hannun dama a sama, ga ɗan sanda kwance a gabansa. A ƙasa aka rubuta wai dukansa zai yi. Har littafin tarihin 'yan makaranta hoton ya shiga. Achiel ya rasa aikinsa, ni kuwa na sami lambar yabo, na rataye ta a falo ko kunya babu.

Bara wata matashiya mai ƙera mutum-mutumi, Fien, ta gayyace ni ɗakin aikinta. Sana'arta ita ce ta ɗauki hoton jarida ta mai da shi tagulla, tsawon mutum, amma inda hoton ya ƙare nan tagullar ma take ƙarewa. Ina shiga na yi kiciɓis da Achiel na yumɓu, ba a kai ga zuba shi da tagulla ba. Hannunsa na hagu guntule ne daga gwiwa.

"Baba Remi, kai kana wurin," in ji Fien. "Me wannan hannun yake yi?"

"Haba yarinya! Ni da ko tabarauna ban san inda na ajiye da safe ba?"

Ta yi dariya, ta ƙara mini kofi da biskit. Na ci, na sha, na yaba aikin.

Ƙarya na shirga mata. Hannun nan yana riƙe da wuyan rigar ɗan sandan, yana janye shi daga bayan wata babbar mota da ke ja da baya. Hannun da ke sama kuwa direba yake tsayarwa. Edita ya ce shafi ya yi ƙunci, ni kuma da kaina na ɗauki almakashi na datse gefen hoton. Ba wanda ya tilasta ni, gani na yi hoton ya fi zafi a haka. Sau biyu Achiel ya zo ofishinmu nemana, sau biyu na kulle kaina a ɗakin wankin hoto har ya gaji ya tafi. Ya rasu ban taɓa kallon idonsa ba.

Bayan na bar wurin Fien, mako shida abinci bai yi mini daɗi ba. Daga ƙarshe na zaro tsohon fim ɗin daga akwati, na wanke hoton cikakke, na sa a ambulan.

Ranar Lahadi aka buɗe baje kolin ayyukan Fien, a wani tsohon sito na bakin tasha, ana yayyafi. Mutane na zagaya tagullar da kofuna a hannu suna gyaɗa kai. Can gefe na hango Godelieve, matar Achiel, ta tsufa tukuf, tana dogare da sanda. Na ƙarasa wurinta.

"Mama Godelieve, ni ne Remi, mai hoton. Akwai abin da ya kamata ki gani tun tuni."

Na miƙa mata hoton. Ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗora yatsa a kan hannun hagun. Na tsaya ina jiran zagi, kai ko sandar ta ɗaga mini da na ji sauƙi.

"Haka ya ce," ta faɗa a hankali. "Tun ranar ya gaya mini, da rigar ɗan sandan da motar, duka."

"Ashe kin sani."

"Ban sani ba, Remi. Jarida na ajiye masa a kan tebur, na ce ga shi an buga, ya daina raina mini hankali." Ta miƙo mini hoton. "Shekara goma sha ɗaya muka yi a gida ɗaya bayan nan, ina ce masa maƙaryaci."