Ranar da Aka Zo Duba Mai Walda

Mai walda shekararsa arba'in da biyu. Tun da ya faɗo daga kan tankin ruwa bara, ƙafafu suka mutu, yatsu ko cokali ba sa riƙewa. Matarsa ke juya shi, ta wanke shi, ta ɗora shi a fo, sannan ta ruga kamfanin ɗinki. Shugabar aiki kuwa ta gama magana: makara ɗaya ta rage, sai sallama.

Ofishin jinya suka ce za su turo mai dubawa. In ta ga da buƙata, a ba su mai jinya da za ta riƙa zuwa kullum da safe.

Ranar, gogan naka ya ce sai an yi masa aski, a sa farar riga, a jingina shi da filo uku, a tura fo ƙarƙashin gado. Ita kuma matar, sakarya, duk ta yi, har da fesa turare, wai kada baƙuwa ta raina su.

Mai dubawa ta zauna da takardarta.

"Kana iya wanka da kanka?"

"Ras kuwa."

"Abinci fa? Banɗaki?"

"Hajiya, ni fa ƙarfe nake lanƙwasawa."

Biro sai gudu yake. Matar na bakin ƙofa. Ta yi gyaran murya, ya watsa mata harara.

"Ashe madam ce ke son hutu," in ji mai dubawa, tana dariya tana zuge jaka.

Cika bakin ya busar masa da maƙoshi. "Ke, ba ni ruwa."

Kullum ita ke tallafe kansa ta kai masa kofi baki. Yau ta cika shi fal, ta dire a tebur gabansa, ta naɗe hannu.

"Ga shi nan, maigida."

"Maman yara," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ɗauka mana. Baƙuwa na sauri."

Ya kalle ta. Sannan ya matse kofin tsakanin wuyan hannu biyu, ya ɗago shi yana rawa. Bai kai rabi ba, ruwan ya kwararo kan farar rigar har cinya.

Mai dubawa ta sake buɗe jaka. "Madam, zauna. Mu fara daga farko."

Ya juya fuska bango. Matar ta zauna tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, tawul na cinyarta, ba ta tashi ta goge shi ba sai da aka cika takardar.